Tandar da 'Yan Makaranta Suka Wanke

Abin ya faru ne shekara biyu bayan annobar nan da ta sa aka rufe masallatai, maza suka koma sallah a tsakar gida suna tsare mana hanya. In daga gobarar babbar kasuwa za a ƙirga, an yi shekara tara ko goma. Ruwan da ya karya gada har motocin arewa suka yi dogon layi a bakin unguwarmu ta Zongo, wannan ya fi nisa, lokacin haƙorana duk suna nan. Ni ba na riƙe shekara da lamba, ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Abin da na sani, a shekarar ce mai gidana ya rasu, kwana shida bayan Babbar Sallah, bai ma gama hucewa daga fiɗar ragunan mutane ba.

Mahauci ne. Mun yi shekara hamsin tare, ko ta ɗan gota. Ya dawo daga la'asar ya ce kansa na sara masa, ya kwanta, shi ke nan. Ban yi kuka ba. Mata suka cika gida suka yi mini kukan, ni ina zaune ina kallon ƙafafunsu, ina gane wadda ta sa lalle da wadda ba ta sa ba. Aka ɗaura mini ɗankwali, aka ba ni zane ɗaya, na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma. In an kawo abinci in ci, in an manta ba na tambaya.

Sana'ata masa ce. Duk wanda ya yi sallar asuba a masallacin layinmu cikin shekara arba'in da suka wuce ya san ni, in bai san fuskata ba ya san hayaƙina. Wurina yana hannun dama da ƙofa, jikin katanga, inda iska ba ta kashe wuta. Ba fariya ba, ba a taɓa yin masa irin tawa a Zongo ba, har daga unguwar Amutive can cikin gari ana aiko mai babur ya saya wa masu biki. Mutane suna cewa hannuna ne. To da hannu, amma rabi tandar ce.

Tandar baƙin ƙarfe ce mai rami goma sha biyu, ta mahaifiyata. Ranar da aka tashe mu daga tsohon Zongo na cikin gari aka kawo mu nan, kowa yana ta kokawa da gado da akwati, ita kuwa tandar ta ɗora a ka ta hau mota, ba ta sauke ba sai da muka iso. Tun daga hannunta har zuwa nawa sabulu bai taɓa ta ba. Ba a wanke tanda. In an gama suya, a goge da tsumma, a shafa mai, a kife. Man yau ya hau kan na jiya, wuta ta gasa shi, haka shekara da shekaru, har ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi, santsi kamar cikin kofin shayi. Ka zuba ƙullu, ka ɗan taɓa gefensa da cokali, masar ta juya da kanta. Wannan baƙin da baƙo zai ce datti ne, shi ne tandar. Ƙarfen da ke ƙasa kowa ma zai iya saya.

Mu masu abinci a bakin masallaci muna da ƙa'idarmu. In mace ta shiga takaba, ba a taɓa wurinta. Maƙwabciyarta za ta riƙa kife kujerarta a wurin kowace safiya, kowa ya gani ya san da mai shi. Amma washegarin fitarta dole ta zo ta hura wuta a wurin ta sayar, ko da kaɗan ne. In gari ya waye ba ta zo ba, magajiyarmu ta ɗauke kujerar ta ba wadda ke jira. Ba mugunta ba ce, wuri ne ba ya zama haka nan alhali wasu na neman abin da za su ci. Mai kife tawa kujerar ita ce mai koko, ƙawata, shekara talatin muna kafaɗa da kafaɗa, tana ce mini Yaya. Wadda ke jira kuwa wata yarinya ce 'yar arewa mai 'ya'ya uku, tana soya tata masar a kaskon alminiyam can bakin kwata. Ban taɓa jin haushinta ba. Masarta dai ba masa ba ce.

Ana saura kwana talatin da huɗu in fita, surukata, matar ɗana, ta leƙo ɗakina da hantsi.

"Inna, yau 'yan makaranta za su zo."

"Su zo su yi me?"

"Taimako. Wata makaranta ce ta unguwar Kakaveli ta haɗa kai da masu unguwa. Duk Laraba da yamma, tunda ba su da karatu, suna zuwa su kwashe kwata, su shiga gidajen tsofaffi su yi shara da wanke-wanke. An sa gidanmu."

"Wa ya sa?"

"Liman ne ya ba da gidajen da aka yi rashi."

Da a da ne, da liman ya ji daga gare ni. Ni da na aurar da 'ya'ya shida da cokalin juya masa, a rubuta ni cikin waɗanda ake zuwa share wa gida? Amma ran nan na duba cikina ban sami fushin ba. Na ce, "To." Ita kuma ta yafa mayafi ta tafi suna, ta bar musu ƙofa a buɗe.

Daga baya na ji yadda suka tsara abin. Wai don yara su san juna, 'ya'yan Zongo da ke makarantar aka tura su wasu unguwanni, mu kuma aka turo mana 'ya'yan wasu unguwanni. Malaminsu yana ganin dabara ce. Da ɗan Zongo ɗaya ne a cikinsu, ko wanda bai iya wanke hancinsa ba, da abin bai faru ba.

Bayan azahar suka shigo, su biyar, da kayan makaranta ruwan ƙasa. Ina ganinsu ta gefen labule. Suka gaishe ni daga waje da Faransanci, ɗaya ta ƙara da Mina, harshen mutanen garin nan, na amsa mata tunda Minar kasuwa ba ta gagare ni ba. Suka share tsakar gida, suka kwashe toka, suka cika randa. Suna aiki suna dariya, ba ruwansu. Doguwar cikinsu, mai gajeren gashi da ɗan gicciye a wuya, ita ta shiga madafa. Na ji tana fito da tukwane. Sai na ji ta kira sauran, suka yi wata ƙara irin ta wanda ya ga mushen ɓera.

Sai na ji ƙarfe ya taɓa siminti.

Na san wannan sautin yadda na san tarin mai gidana. Na ji an zuba ruwa. Na ji warin garin sabulu, sannan na ruwan jabel ɗin nan da suke wanke masai da shi. Sai soson ƙarfe ya fara, ƙurr, ƙurr, ƙurr. Da ya gaza, wani yaro ya ɗebo yashi, wani ya kawo tsohuwar wuƙar mai gidana suna kankarewa.

Tsakanina da su taku bakwai ne. Kalma ɗaya ta isa. Mata sun ce ai mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta fita gaban samari baƙi, shi ya sa na yi shiru, ni ma na bar su a kan haka. Amma tunda rubutawa ake yi, bari in faɗi gaskiya. Ba takaba ce ta hana ni ba. Ina zaune ina ji, kamar a gidan wasu ake yi. Har ma wani abu a cikina ya ce, to, madalla, an huta.

Ga dalili. Kowace asuba mai gidana in ya fito masallaci zai wuce mayanka, sai ya tsaya a gabana. Masa ukun farko nasa ne. Ba ya magana, ni ma ba na yi. In naɗe masa a takarda, ya ci ɗaya a tsaye, ya sa biyu a aljihu, ya wuce. Shekara arba'in. Tun da na shiga ɗakin nan nake tunanin ranar da zan zauna jikin katangar, maza su fito, in cire ukun farko. Daga nan tunanin ba ya wucewa. In babu tanda, babu wannan safiyar.

Sun fi awa biyu a kanta. Da suka gama, doguwar ta ɗauko ta da hannu biyu ta kawo bakin labule, gumi na zuba, yatsunta duk sun yi ja.

"Mama," ta ce, haka suke kiran kaka da harshensu, "duba! Kamar sabuwa."

Na duba. Fara fat, ruwan toka, tsirara. Ban taɓa ganin launin ƙarfen ba sai ran nan.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ta yi murna. Ta jingine ta a bango da ruwanta, suka tafi.

Lokacin ƙaramar damina ce, ga iskar teku mai gishiri. Kafin Juma'a tanda ta yi ja wur da tsatsa. Surukata ta gani ta ɗora hannu a ka. Mai koko ta zo da hantsi, ta tsaya a kanta ta daɗe.

"Yaya, kina ina aka yi wannan?"

"Ina ɗaki."

"Kin kurumce ne? Ke da ko ni ba ki yarda in ɗaga ta ba? Ke da kika kori jikarki da muciya don ta ɗiga mata ruwa?"

"Sun yi niyyar alheri."

"Niyyar alheri za ki soya wa mutane? Ni fa ƙuguna ya gaji da kife kujerar nan. Magajiya ta ce in tuna miki kwanaki."

"Na san kwanakin."

Ta dube ni, ta gane ba ni da niyyar komawa. Ta ja zanenta ta fita.

Laraba ta zagayo, yara suka dawo, mai koko kuwa da gangan ta zo ta zauna jiransu. Doguwar ta shigo da fara'arta, ta hango tandar, ta ce ayya, tsatsa, bari ta ƙara goge ta. Mai koko ta tashi. Minarta ta fi tawa, kuma bakinta ba ya da birki.

"Ajiye soson nan, 'yar boko! A gidanku ba a suya? Uwarki ba ta da kasko? Abin da kakar tsohuwar nan ta fara, uwarta ta ɗora, ita ta ɗora, kin zo kin kankare shi da la'asar ɗaya. Kin ga dattin da kika zubar a kwata? Abincin gidan nan ne. Saura wata guda ta rasa wurinta a bakin masallaci, ke kuma a ba ki maki a makaranta."

Ba kakata ce ta fara ba, mahaifiyata ce, amma ban gyara mata ba. Yarinyar ta tsaya da soso a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta zo bakin labule ta durƙusa.

"Mama, me ya sa ba ki hana ni ba?"

Duk Zongo ita kaɗai ta tambaye ni haka kai tsaye ta jira amsa. Na ce, "Ban ji ba." Ta dube ni, ta san na ji.

Ranar Asabar malaminsu ya zo da kansa, mutum mai ladabi, ya tsaya a zaure ya cire hula, surukata tana kai magana tana kawowa. Ya ba da haƙuri. Ya ce makaranta za ta saya mini sabuwa. Na ce a gaya masa na gode, ni ba a saya mini tanda. Ya ce daga yau duk gidan da yara za su shiga, sai an haɗa su da ɗan unguwa, kuma sai sun tambaya kafin su taɓa komai. Na ce wannan tsakaninsa ne da yaransa. Ya tafi. Na ɗauka an gama.

Ashe yarinyar tana bayansa, ba ta bi shi ba. Ta shigo da kwalbar man gyaɗa a hannu, wai daga Amutive ta hau babur da kuɗin abincinta.

"Mama, me ke mayar da baƙin?"

"Mai da wuta."

"Shi ke nan?"

"Da shekara arba'in."

"Ni kwana ashirin da biyar aka ce mini," ta ce. "Ina gawayi?"

Ban tashi ba. Daga bakin ƙofa nake magana, ita tana yi. Ta goge tsatsar da toka, ba ruwa. Ta hura wuta, ta ɗora ƙarfen ya bushe har ya yi zafi. Ta tsoma tsumma a mai ta labta da yawa, na ce, "Ke mai soso, miya kike yi? Kaɗan. Kamar kina shafa wa jariri." Ta rage. Hayaƙi ya tashi ya shiga idonta, tana tari tana zagin gawayin da Faransanci. Aka bari ya huce, aka sake. Sau huɗu ran nan. Tanda ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, kamar kayan makarantarta.

Da za ta tafi ta ce, "In an bar ta har Laraba fa?"

"Tsatsa ta dawo."

"Ni ina da karatu Litinin da Talata. Gobe kuma coci."

"To ki je cocinki."

Ba ta mayar da tandar madafa ba. Ta jawo ta ta ajiye daidai bakin ƙofar ɗakina, da murhu, da tsumma, da kwalbar, inda ba zan iya zuwa alwala ba sai na tsallake su. Na san da gangan ta yi.

Lahadi na tsallake su sau uku. Da la'asar na ga wani ɗan ja ya fara fitowa a ramin gefe. Ba zan ce zuciyata ta motsa ba, don ba ta motsa ba. Hannuna ne ya ɗauki tsumman. Hannun da ya yi abu shekara arba'in ba ya neman izini. Na hura wuta, na shafa, na jira, na sake. Surukata ta fito ta gan ni, ta koma ɗaki da sauri kamar ta ga abin kunya.

Haka muka yi. Ni kullum, safe da yamma, ita Laraba da Asabar. Sauran yaran suna can suna kwashe kwata da sabon ɗan rakiyarsu, ita tana tsugune gaban murhuna. Muka soya albasa a ramukan, muka soya kitsen da abokan mai gidana suka aiko daga mayanka. Tana yawan surutu, ta ba ni labarin malamansu, da kakarta mai sayar da kifi, da wani yaro da ke damunta. Ina jin rabi. Saura kwana goma muka jiƙa shinkafa muka gwada ƙullu. Duk sha biyun suka kama, sai da cokali muka ƙwaƙule, kaji suka ci. Saura kwana uku, biyar suka tashi.

"Biyar, Mama!"

"Bakwai sun kama."

"Ke dai ba a faranta miki."

"Ke kuma ba a gaya miki ki bar abin da ba naki ba."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba, amma na ba ta ɗaya ta ci.

Ranar fita ta zo, Talata ce. Aka yi mini wanka da kitso, na sa sabon zane, aka raba sadaka. Mata suna ta barka. Magajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Gobe?" Na ce, "In Allah ya kai mu." Ban san ko zan je ba. Na dai jiƙa shinkafa, na kai niƙa, na sa yis, don an saba.

Da asuba ɗana ya ɗaukar mini murhu da ƙullu, ni na ɗora tanda a ka. Kujerata tana nan a kife jikin katanga. Mai koko ta riga ni, ba ta ce mini sannu ba, ta dai matsa da tukunyarta kamar jiya muka rabu. Yarinyar nan 'yar arewa tana can bakin kwata, ta hango ni, ta gaishe ni, ta ci gaba da fifita wutarta. Na juya kujera na zauna. Na hura wuta. Na zuba mai, na zuba ƙullu.

Tara suka juya. Uku na gefen hagu suka kama, har yau ma sai na lallaɓa su.

Aka sallame, maza suka fara fitowa suna neman takalma. Sai na ga na riga na cire ukun farko na naɗe a takarda na ajiye a gefen murhu. Ban san lokacin da na yi ba. Mai koko ta gani, ta juya kai tana motsa kokon da ba ya buƙatar motsawa. Ladan ya saya, ya ci, ya ce, "Hajiya, barka da fitowa. Amma kamar ta ɗan canza." Na ce, "Bakinka ne ya tsufa." Ya yi gaskiya, ta canza.

Takardar tana nan har gari ya yi haske, ta huce. Can sai ga babur ya tsaya, doguwar ta sauko da kayan makaranta da jaka a baya, za ta wuce Kakaveli ta biyo ta ga yadda aka yi. Ta leƙa tandar ta ƙirga da yatsa.

"Tara! Mama, tara!" Sai ta ga takardar. "Wannan na wa ne? Yunwa nake ji."

Na ce, "Ɗauka."

Ta ci ɗaya a tsaye, ta tura biyu a aljihun jaka, ta hau babur, mai babur yana ta yi mata tsiya ta makara. Ban gaya mata na wa ba ne. Na zuba wani ƙullun.

Wurin yana hannuna har yanzu, ko da yake yanzu surukata ce ke zuba ƙullu, ni ina zaune ina gyara mata. Tandar ta yi baƙi, ba irin na da ba, wannan ba zan gan shi ba. 'Yan makaranta suna zuwa duk Laraba, wasu sababbi, suna tambaya kafin su taɓa ko tsintsiya, har abin ya yi yawa.

Magajiya ta rasu bara waccan. Liman ya bi ta da wata biyu. Malamin an mayar da shi wani gari can arewa, ban san ko yana nan ba. Abokan mai gidana na mayanka saura ɗaya, shi ma ba ya gani. Ladan yana nan, muryar ta shaƙe, amma bai bar wa kowa lasifika ba. 'Yar arewan tana nan, ta sami wuri a hannun hagu da ƙofa da mai ƙosai ta koma garinsu. Mai koko tana nan, ƙugun ya ƙi, bakin bai ragu ba. Mai soso tana nan, ta gama makarantar ta shiga ta gaba, ta koyi Hausa a gaban murhuna, ita ce ma ke riƙe da alƙalamin nan, yanzu ta ji na wa ne ukun da ta ci. Sai ni.